Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Likitoci Da Masu Harhaɗa Magunguna Kan Kafson Antiyoksidan Da Ake Bai Wa Masu Neman Haihuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Likitoci da masu harhaɗa magunguna, barkanku da ƙoƙari. Allah Ya ƙara muku basira, Ya sa wa hannuwanku albarka.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, abin da ya kawo ni gare ku shi ne kwalaben nan da ake miƙa wa mata da miji idan sun zo da kukan rashin haihuwa, wato kafson antiyoksidan. Bitamin C ne, bitamin E ne, zinki, seleniyam, laikofin, L-karnitin ko Q10. Wani sa'in kowanne shi kaɗai, wani sa'in a tattara bakwai ko takwas a kafso guda, a manna hoton jariri yana ɓangale baki a jikin kwali. A cikinku akwai mai rubutawa, akwai mai miƙawa, akwai kuma wanda tambayarsa kawai ake yi, "Likita, in sha?" ya ce, "Sha abinka, ai ba ya cutarwa." Roƙona ba shi da yawa, kuma gara in faɗe shi tun yanzu: kada kwalbar nan ta riga bincike, sannan in har za ku bayar da ita, ku gaya wa mai karɓa iyakar abin da aka tabbatar a kanta.

Ba ƙaramar jama'a ake magana a kai ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2023 ya ce kusan mutum ɗaya cikin kowane shida na manya zai gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma adadin bai bambanta sosai ba tsakanin ƙasashe masu arziki da masu ƙaramin ƙarfi. Kun fi ni sanin yanayin da waɗannan mutane ke shigowa ofishinku. An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Shi ya sa nauyin abin da ake miƙawa yake wuyan mai miƙawa.

Ba na cikin masu cewa tunanin da aka gina wannan magani a kai shirme ne. Yana da tushe. Duk jikin da ke amfani da iskar oksijin yana fitar da wasu ɓurɓushinta masu saurin cin abin da suka taɓa, irin aikin nan da ke sa ƙarfe tsatsa. Jiki yana da nasa masu gadin da ke kashe kaifinsu, su ne antiyoksidan, wasu shi ke ƙera su, wasu daga abinci yake samu. Tun a 1943 wani masani a Amurka mai suna John MacLeod ya lura cewa ƙwayoyin maniyyin ɗan Adam suna daina motsi da wuri idan aka ajiye su cikin oksijin mai yawa, kuma idan aka zuba musu sinadarin da ke rusa waɗannan ɓurɓushi sai su daɗe suna motsi. A shekarun 1980 John Aitken da abokan aikinsa a Birtaniya suka faɗaɗa maganar, suka nuna cewa maniyyin wasu mazan da ba sa haihuwa yana fitar da ɓurɓushin fiye da kima. Dalilin raunin ƙwayar maniyyi ma a fili yake. Tantanin da ya lulluɓe ta cike yake da irin kitsen da oksijin ke saurin lalatawa, ita kuma lokacin da take nuna ta zubar da mafi yawan ruwan cikinta, inda masu gadin ke zama, domin ta yi sauƙin iyo. Ga ta da abin lalacewa, ga ƙarancin mai karewa. Duk wanda ya ji wannan bayani zai ce, to a ƙara mata masu gadi mana.

Sai dai labarin bai ƙare a nan ba, kuma wannan rabin ne ba a rubutawa a jikin kwali. Ƙwayar maniyyi tana buƙatar ɗan kaɗan daga waɗannan ɓurɓushi kafin ta kammala shirin da zai ba ta damar huda ƙwan mace. Fitar ƙwai daga ma'ajiyarsa ma akwai hannunsu a ciki. Ke nan abin da jiki ke nema daidaito ne, kuma kamar yadda ɓurɓushin ke yin yawa su yi ɓarna, masu kashe su ma suna iya yin yawa. Mutumin da aka miƙa wa kwalba ba tare da an auna komai ba, wa ya san a wane gefe yake?

Mu zo ga abin da aka gwada a jikin mutane, domin can ne maganar take. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen magani da auna ingancinsu, ta sabunta nazarinta kan maza a 2022. Gwaji 90 ta duba, maza fiye da 10,000. Adadi ne mai cika ido, amma ku duba cikinsa: 12 kacal daga cikin 90 ɗin ne suka ba da lissafin jariran da aka haifa da rai. Sauran, galibi lissafin maniyyi suka tsaya yi, yawa da motsi da siffa, wasu kuma samun ciki. Alhali babu ma'auratan da suka taɓa zuwa asibiti neman maniyyi mai motsi. Ɗa suke nema. Daga waɗannan 12 ɗin, nazarin ya ce idan ba tare da magani ba mutum 16 cikin 100 za su samu haihuwa, da magani mai yiwuwa ya kai tsakanin 17 da 27. Wannan jimlar ce 'yan talla ke cirowa su yi ta yawo da ita. Abin da suke bari a baya shi ne masu nazarin da kansu sun ce ƙarfin hujjar mai rauni ne ƙwarai, kuma da suka ware gwaje-gwajen da aka yi su da sakaci, suka bar masu tsafta, sai fa'idar ta ɓace.

A shekarar 2020 kuma aka samu gwaje-gwaje biyu daga Amurka waɗanda ya kamata kowane mai rubuta wannan magani ya san su kamar sunansa. Na farko, wanda ake kira MOXI, an yi shi a cibiyoyin haihuwa tara da maza 174 masu matsalar maniyyi. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya suka sha haɗin da ya ƙunshi bitamin C da E, seleniyam, L-karnitin, zinki, folik asid da laikofin, ɗaya gidan kuma suka sha kafson da babu magani a ciki, babu wanda ya san abin da yake sha. Bayan wata uku aka auna: siffar maniyyi ba ta gyaru ba, motsi bai ƙaru ba, tsintsinkewar DNA, wato sinadarin gadon da ke cikin ƙwayar maniyyi, ba ta ragu ba. A wata shida, kashi 15 cikin 100 na masu shan haɗin ne suka samu cikin da ya kai ga haihuwa, na masu kafson banza kuwa kashi 24. Adalci ya sa in ce mutanen ba su kai yawan da za a ce maganin ne ya rage haihuwa ba. Amma babu ta yadda za a karanta wannan a ce ya ƙara.

Na biyun, FAZST, shi ne babba. Ma'aurata 2,370, mazan suka yi wata shida suna shan miligiram 5 na folik asid da miligiram 30 na zinki kullum, ko kuma kafson banza. Sakamakon ya fito a mujallar JAMA: haihuwa kashi 34 cikin 100 a gidan magani, kashi 35 a ɗaya gidan. Kunnen doki ke nan. Abin da ya bambanta shi ne masu shan maganin sun fi kukan ciwon ciki da tashin zuciya da amai, kuma tsintsinkewar DNA ɗin maniyyinsu ta ɗan ɗara ta sauran, wato abin da aka sha maganin domin a rage. Shi ya sa jagoran da ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka da ƙungiyar likitocin haihuwa ta ƙasar suka fitar tare a wannan shekarar ya umarci likita ya sanar da majinyaci cewa amfanin irin waɗannan ƙarin sinadarai abin shakka ne, kuma hujjar da ke hannu ba ta isa a zaɓi wani daga cikinsu a ce a sha ba.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma ba ƙarya suke yi ba: "Ni da idona na gani. Na rubuta wa mutum, ya dawo bayan wata uku lissafinsa ya hau, matarsa kuma ta samu ciki." Na yarda kun gani. Amma ku ne kuka koya mana cewa gwajin maniyyi ba ya tsayawa wuri guda. Mutum ɗaya zai bayar yau a samu kaɗan, ya bayar bayan 'yan makonni a samu ninki, bai sha komai ba. Zazzaɓi mai zafi kaɗai yana iya durƙusar da lissafin na tsawon wata biyu zuwa uku, saboda ƙera ƙwayar maniyyi daga farko zuwa nuna yana ɗaukar kwana 70 da ɗoriya. To wa ake rubuta wa kafso? Wanda gwajinsa ya fito da muni. Wanda kuwa aka kama a ranar da ya fi faɗuwa, gwajinsa na gaba ya fi kusa da tashi, ko ya sha ko bai sha ba. Haka batun ciki. A cikin ma'auratan da matar ba ta kai shekara 40 ba, fiye da 80 cikin 100 suna samun ciki a shekarar farko, kuma kusan rabin waɗanda suka rage suna samu a shekara ta biyu ba tare da an yi musu komai ba. Idan cikin ya zo daidai lokacin da kwalba ke kan tebur, kwalbar ce za ta kwashe godiya. Wanda ya sha bai samu ba kuwa, ba ya dawowa ya ba da shaida, ya tafi wani wurin an ba shi wata.

Ta ɓangaren mata ma haka zancen yake, ko ma ya fi sarƙaƙiya. Nazarin Cochrane na 2020 ya tattara gwaji 63 da mata 7,760, kuma hukuncinsa bai wuce na mazan ba: akwai alamar ƙarin haihuwa a lissafi, amma hujjar mai rauni ce ƙwarai har ba za a iya dogara da ita ba. Gwaje-gwajen ƙanana ne, kowanne da nasa sinadarin, da nasa awon, da nasa irin matan. Mai ciwon PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan kari, da mai ƙarancin ƙwai, da wadda ba a gano dalilinta ba, duk an zuba su wuri guda. Q10 shi ne wanda ake yayi yanzu ga matan da shekaru suka fara ja, bisa tunanin cewa yana ƙara wa ƙwai kuzari. An samu ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna ɗan ƙarin yawan ƙwan da ake cirowa lokacin aikin IVF, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a mayar cikin mahaifa, kuma ba na raina wannan. Amma ƙarin ƙwai a kwanon gwaji daban, jariri a hannu daban, kuma na biyun ba a tabbatar ba tukuna.

Abin da ya fi damuna game da mata shi ne abubuwan da kafso ba shi da ta cewa a kansu ko kaɗan. Macen da bututun ƙwanta ya toshe sakamakon ciwon sanyi ko wata cutar da ba a yi maganinta da wuri ba, ko ta shanye bitamin E na duniya ba zai buɗe ba. Macen da ƙwanta ba ya fita saboda PCOS tana da maganin da aka gwada aka ga jarirai: a gwajin mata 750 da aka wallafa a 2014, letrozole ya kai kashi 27.5 cikin 100 ga haihuwa, ɗaya maganin da aka gwada su tare, clomiphene, kuma kashi 19.1. Wannan ita ce irin hujjar da ake nema, kuma jagoran duniya kan PCOS na 2023 ya sa letrozole a sahun farko, ya bar ƙarin sinadarin inositol, wanda ake ta talla, a matsayin abin da har yanzu gwaji ake yi a fannin neman haihuwa. Me zai sa a bar mace ta yi shekara a kan na gwaji, na tabbas yana nan?

Sai maganar nan ta "ba ya cutarwa". Ita ce ta fi yawo, ita ce kuma tarihi ya fi ƙaryatawa. A shekarun 1980 masana sun yi imani sosai cewa bita-karotin, wani antiyoksidan da ake samu a karas, zai kare masu shan taba daga kansar huhu, kuma dalilinsu ya yi kama da namu na yau: hayaƙi yana kawo ɓurɓushin oksijin, antiyoksidan yana kashe su. Aka gwada a Finlan da maza masu shan taba fiye da 29,000. Sakamakon 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 ga masu shan kafson. Wani gwajin a Amurka da mutum fiye da 18,000, wanda ya haɗa bita-karotin da bitamin A, dole aka dakatar da shi a 1996 kafin lokacinsa, saboda ƙarin ya kai kashi 28. Bayan haka aka ce to bitamin E da seleniyam za su kare maza daga kansar furostet, wato gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Maza fiye da 35,000 suka shiga gwajin SELECT, a 2011 aka bayyana cewa masu shan bitamin E shi kaɗai sun fi kamuwa da kashi 17 cikin 100. Gaskiya ne waɗancan dattawa ne, kuma shekaru suka yi suna sha, ba wata uku ba. Ban kawo su domin in ce mai neman haihuwa zai kamu da kansa ba. Na kawo su ne domin sau uku ke nan ana shiga da tabbacin cewa abin ba ya cutarwa ana fitowa da akasin haka. Kuma a cikin mazan da ke zuwa wurinku akwai masu shan taba. Ana tambayarsu kafin a miƙa musu haɗin da ke ɗauke da bita-karotin?

Masu ciki ma an gwada a kansu. A Birtaniya aka bai wa mata fiye da 2,400 bitamin C da E masu yawa domin a hana hawan jinin da ke kai mai ciki ga jijjiga. A 2006 aka ga bai hana ba, kuma jarirai marasa nauyi sun fi yawa a gidan masu sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar a riƙa bai wa masu ciki waɗannan biyun domin kyautata haihuwa ba. Bitamin A irin na retinol kuwa tun 1995 wani bincike na mata fiye da 22,000 ya danganta shan sama da awo 10,000 na ma'aunin bitamin (IU) a rana da nakasar jarirai. Macen da ke neman ciki, ai kowane wata mai yiwuwa ne ta samu, kuma makonnin farko, lokacin da gaɓoɓin jariri ke haɗuwa, suna wucewa ba ta ma sani ba.

Masu harhaɗa magunguna, wannan gaɓar taku ce musamman, domin ku ke ganin abin da likita ba ya gani. Mutum ba ya tsayawa a kwalba ɗaya. Zai sha wadda likita ya rubuta, ya ƙara da wadda aboki ya yaba, ya haɗa da wadda ya gani a intanet, kuma duka ukun akwai zinki da seleniyam a ciki. Iyakar zinkin da hukumomin Amurka suka ce babba ya tsaya a kai miligiram 40 ne a rana. Wuce haka na tsawon lokaci yana hana jiki tsotsar sinadarin jan ƙarfe, ya kawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. Seleniyam idan ya yi yawa gashi ke zuba, farce ya riƙa karyewa. Bitamin E mai yawa yana ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini. Tambaya ɗaya a bakin kanta, "Me da me kake sha yanzu?" za ta kama mafi yawan wannan.

Ku tuna kuma cewa waɗannan kaya ba sa bin ƙofar da magani ke bi. A Amurka, inda da yawansu ke fitowa, dokar 1994 ta ba kamfani damar fitar da ƙarin sinadarai kasuwa ba tare da ya fara nuna wa hukuma hujjar cewa suna aiki ba. Shi ya sa za ku ga an rubuta "yana tallafa wa lafiyar haihuwa" a jikin kwali. Kalma ce da aka zaɓa da wayo, ba ta yi alƙawarin komai ba, amma mai karantawa alƙawari yake ji. A gefen waɗannan kwalabe kuma akwai masu cewa suna ƙara ƙarfin namiji, kuma nan ne hatsarin ya fi girma. Testosteron, wato sinadarin mazakuta, idan aka sha shi ko aka yi allurarsa yana sa ƙwaƙwalwa ta daina aika wa maraina saƙon ƙera maniyyi. Ƙarfin wannan tasiri ya kai har Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada allurarsa a matsayin hanyar tsarin iyali ta maza, aka wallafa sakamakon a 1990. Duk da haka har gobe akwai mazan da ake ba shi da sunan taimakon haihuwa.

Kada a fahimce ni a baibai, akwai ƙwaya ɗaya da nake roƙonku ku ƙara matsa wa mata a kanta, ita ce folik asid. Maikrogiram 400 a rana, tun kafin a samu ciki har zuwa mako na 12. Ba ta kawo ciki, kuma bai kamata a ce tana kawowa ba. Aikinta kare jariri daga nakasar ƙashin baya da ƙwaƙwalwa, domin bututun da ke zama su yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko. Gwajin da aka jagoranta daga Birtaniya ya nuna a 1991 cewa ga matan da suka taɓa haihuwar mai irin wannan nakasa, shan awo mai yawa ya rage maimaituwarta da kashi 72 cikin 100. Haka nan wanda gwajin jini ya nuna yana da ƙarancin wani sinadari, a cike masa, wannan magani ne. Damuwata ita ce mace ta tafi gida da haɗin sinadarai goma sha biyu da ba a tabbatar ba, babu wanda ya zauna ya gaya mata wanne ne guda ɗayan da ya zama dole.

Yanzu ga abin da na ɗauka shi ne ainihin ɓarnar, wanda ya fi ciwon ciki da asarar kuɗi. Lokaci. Tunda maniyyi wata uku yake ɗauka kafin ya sabunta, duk wanda aka ɗora a kan kafso ana ce masa ya dawo bayan wata uku. Ya dawo babu labari, a canza masa wani, wata uku kuma. Kafin a ankara shekara ta tafi. Shi namijin bai yi asarar komai ba sai haƙuri, amma matarsa fa? Mace da ƙwanta ake haihuwarta, miliyan ɗaya zuwa biyu, kafin ta balaga sun koma 'yan dubu ɗari, kuma ba a ƙera sabo. Daga shekara 35 raguwar yawa da inganci tana ƙara sauri. Saboda haka ne ƙa'idar da kuka sani ta ce a fara bincike bayan wata 12 ana nema, amma idan matar ta kai 35 a fara bayan wata shida, idan ta haura 40 kuwa kada a jira. Shekarar da mace mai 37 ta yi tana jiran kwalba ta yi aiki, babu likitan da zai iya mayar mata da ita, kuma damar da IVF ko wani magani zai ba ta a 38 ba ta kai ta 37 ba.

Sannan kwalbar tana zama mafakar namijin da ba ya son a gwada shi. Wannan a ko'ina cikin duniya haka yake: mace ake fara kallo, ita ake yi wa hoto da allura da ɗibar jini, alhali a kusan rabin ma'auratan da ke fama akwai hannun namiji a matsalar. Miji zai fi son ya haɗiyi kafso a ɓoye da ya je ɗakin gwaji ya ba da maniyyi, kuma idan kuka ba shi kafson kun sauƙaƙa masa gudun. Gwajin kuwa shi ne mafi sauƙi a duk binciken haihuwa, babu yanka babu allura. Kusan namiji ɗaya cikin 100 babu ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsa, kuma a cikin masu fama da rashin haihuwa adadin ya kai 10 zuwa 15 cikin 100. Irin wannan me antiyoksidan zai kare masa? Wani toshewa ce da tiyata ke gyarawa, wani matsalar sinadaran ƙwaƙwalwa ce da ke da maganinta, wani kuma gado ne da ya kamata ya sani tun da wuri domin su san inda za su dosa. Kumburin jijiyoyin maraina, wanda ake samu a wajen kashi 15 cikin 100 na maza kuma ya fi haka nesa a cikin marasa haihuwa, da hannu likita ke gano shi, kuma shi kansa yana cikin abubuwan da ke haddasa yawan ɓurɓushin oksijin ɗin da ake ta ƙoƙarin kashewa da kafso. Wani lokacin ma binciken rashin haihuwa ne ke tona kansar maraina ga saurayin da bai san yana da ita ba.

Idan kuma da gaske ɓurɓushin ne abin tsoro, ai an san manyan hanyoyin shigowarsu: taba, ƙiba, giya, ciwon suga da ba a kula da shi ba, cututtukan al'aura, da zafin da ke dafa maraina. Faɗa wa mutum ya bar taba ya fi rubuta masa kwalba wuya, na sani, kuma ba ya fita yana murna. Amma wanda ke zuƙar hayaƙi da safe yana haɗiyar bitamin C da dare, an bar shi yana yaudarar kansa ne da sa hannunku.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba, ku gafarce ni. A wurare da yawa asibitin da ke rubuta kafson shi ke sayar da shi, wani lokacin ma da tambarinsa. Ban ce duk mai yin haka macuci ba ne. Amma majinyaci yana da haƙƙin ya san cewa mai ba shi shawara yana da riba a cikin shawarar, kuma likitan da ya tabbata da niyyarsa ba zai ji nauyin faɗa ba.

Ban nemi ku hana kowa sha ba. Namijin da aka gama bincikensa, aka duba matarsa, ba a samu abin gyarawa ba, ya ce yana son ya gwada na wata uku a awo mai hankali, wannan zaɓinsa ne, kuma mai yiwuwa nan gaba bincike ya ware wasu mazan da abin ke yi wa amfani, musamman idan aka samu ingantacciyar hanyar auna waɗanda ɓurɓushin ya yi wa yawa. Abin da nake nema shi ne ya ji gaskiya daga bakinku kafin ya buɗe kwalbar: cewa manyan gwaje-gwaje ba su nuna ƙarin haihuwa ba, cewa zai iya samun ciwon ciki, cewa kada ya haɗa da wata, kuma ga ranar da za a daina a wuce mataki na gaba ko ciki ya samu ko bai samu ba. A rubuta ranar a katinsa. Waɗanda ke bincike a cikinku kuma, don Allah idan za ku sake gwada wani haɗin, ku bi ma'auratan har ɗakin haihuwa ku ƙirga jarirai, kuma ku wallafa sakamakon ko da bai yi wa kamfanin da ya ba da kuɗin daɗi ba.

Wassalam.

Naku,
Wani mai bibiyar al'amuran lafiyar iyali